Gogen Ubana Yana Rataye a Faransi

Tun da na komo daga Faransi ban sake cin kasuwar Dogon Dutsi cikin natsuwa ba. Da na sauka daga jaki sai a kewaye ni. Wannan ya ce, "Nomau, gaskiya ta ruwan teku ba shi da gaɓa?" Wancan ya ce, "Nomau, Anasara na da talakawa ko duk kumandan na?" Kowa kuma ya ƙare da tambaya guda, wai ina gogen ubana da na tafi da shi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ga masu ƙara masa gishiri a bayana, har an ce na auri Baturiya na sake ta. To, ga shi daga farko, kowa ya ji ya bar ni in sayi gishirina.

Gidanmu gidan goge ne, a wani ƙauye gabas da Kore Mairuwa. Kowane iska yana da takensa, in an kaɗa masa sai ya zo. A bakin ƙauyenmu akwai wani tsohon gawo inda Doguwarmu take zaune, mai riƙe mana ruwan sama. Takenta ba a kaɗa shi a biki ko a kasuwa. Sau ɗaya ake yi a shekara, gab da faɗuwar damina, a gindin gawon nan, kuma sai ɗan gidanmu. Ubana ya koya mini shi a kunne, ya bar mini gogensa na fatar damo.

Wata shekara, ban daɗe da kaɗa taken ba, gardi-sarki, dogaran Nasara, suka zo da saƙon kumandanmu, wanda muke kira Jan Wuya. Wai za a yi babban baje koli a ƙasarsu, ana son makaɗa da masaƙa da masu rawa a nuna wa mutanen Faransi dukiyarsu. Tafintansa, Malam Garba, mutumin Dogon Dutsi mai hular kwano da takalmin Nasara, ya ce girma ne aka yi mini. Ya ƙara da cewa ƙauyen da ya ƙi girma, mazansa za su ga aikin hanya.

Ranar tafiya Inna Tabawa, tsohuwar da Doguwa ke hawa, ta riƙe wuyan hannuna.

"Nomau, kaɗa masu abin da kaka so, ban da nata. In ka kira ta can tana zuwa, ba ta ƙin kiran gidanku. Amma kai kumandan ya ba ka takardar komowa, ita wa za shi ba ta? In ta zamna can, ruwanmu ya zamna can."

Na ce mata na ji.

A bariki aka haɗa mu. A nan na ga Hajo, mai furar nan ta bakin kasuwa, an rubuta ta sarauniyar bori. Hajo ko mafarki ba ta cika yi ba, balle iska ya hau ta. 'Yan borin gaske duk sun shige daji da suka ji labari, shi kuwa Jan Wuya ya dube ta ya ga doguwa ce mai jan ido, ya ce ta yi kama. Ta bar 'ya'yanta wurin ƙanwarta ta hau kamyo, babbar motar kaya, tana zagin kowa a hankali.

Kamyon nan, ban sani ba ko shi ya kai mu Gaya ko mu muka kai shi. Daga Doso duk inda yashi ya yi zurfi sai mu sauka mu tura, Malam Garba yana zaune gaba yana ba mu ƙarfin gwiwa da Faransanci. A bakin Kwara wani likita ya buɗe mana baki ya duba haƙora, ya tsaga mana dantse. Mutumin duwan, mai binciken kaya a kan iyaka, ya ƙwanƙwasa gogena ya kara a kunne, ya ce me ke ciki. Na ce iska. Malam Garba ya fassara masa da cewa babu kome, aka buga hatimi muka ƙetare.

A Dahome na fara sanin na bar gida. Tuwonsu na masara ne mai tsami, a nannaɗe cikin ganye, miyar kuwa manja da barkono kamar suna fushi da baƙo. Hajo ta ɗanɗana ta ce in da ita ta dama wannan a Dogon Dutsi da an kai ta gaban alƙali. Muka shiga jirgin ƙasa har Kwatano. A can jirgin ruwa ba ya iya matsowa gaɓa, sai a zuba mutane cikin wani babban kwando, ƙugiya ta ɗaga su sama ta sauke cikin kwalekwale. Malam Garba, wanda tun daga Doso yake kiranmu arna, da kwandon ya yi lilo bisa ruwa sai ya ƙanƙame ni. Ya kira uwarsa, ya kira Shehu, sa'an nan da ƙaramar murya ya kira Doguwa. Hular kwanon ta faɗa teku. Ban taɓa tuna masa ba sai yau.

Cikin jirgi can ƙasa aka sa mu, kusa da buhunan gyaɗa. Abinci wake da burodi mai tauri, amma ba wanda ya damu, don abin da ya shiga ba ya zama. Aka raba mana manyan riguna na ulu. Ni abin da ya dame ni daban ne: raɓar teku ta shiga fatar goge ta saki, muryarsa ta koma ta mai mura.

Da muka sauka Marsai aka kai mu garinmu. Haka aka ce, garinmu. Sun gina shi da siminti sun shafa masa launin jar ƙasa, da wani ɗaki mai ƙahoni wanda ban taɓa ganin irinsa a Arewa ba, suka kewaye da shinge. Mutane su biya a ƙofa su shigo su kalli yadda muke cin tuwo. Da an buɗe ƙofa sai a karɓe rigunan ulun, wai ba su dace da mu ba, mu zauna da warki muna rawar ɗari a cikin abin da suke kira bazara. Wata tsohuwa ta lashi yatsa ta goga a hannuna ta duba. A gida ko akuya za ka saya sai ka gai da mai ita tukuna.

Aikina in kaɗa, aikin Hajo ta faɗi. Na ba su kiɗan biki da na noma, duk sanda aka buga ƙararrawa Hajo ta juya ido ta zube, in an sake bugawa ta tashi ta kakkaɓe zane. Iskan Faransi na da biyayya ƙwarai.

Akwai wani limamin Nasara da ake kira Mumper, ya taɓa zama ƙasashenmu, yana Hausa ta hanci. Mutum ne mai kirki irin na wanda bai taɓa jin yunwa ba. Wata Lahadi ya roƙi a ba shi mu ya kai mu majami'arsu ko zukatanmu sa yi laushi. Malam Garba ya ce shi Musulmi ne, ba ya taka wurin. Jan Wuya ma, wanda ya zo da mu har Faransi, bai je ba, don shi da Mumper ba sa ga maciji, an ce bai shiga majami'a ba tun ranar da aka raɗa masa suna.

Sallarsu abin kallo ce. Da takalmi suke shiga, maza su tuɓe hula, mata su rufe kai, kowa ya zauna bisa benci kamar masu jiran shari'a. Amma da aka taɓa wani akwatin bushe-bushe da ya kai rumbu girma, mutane suka ɗauki wata waƙa a hankali, gaskiya tsigar jikina ta tashi. Ni makaɗi ne, ba na yi wa kiɗa ƙarya. Kafin su ƙare ta riga ta zauna mini a yatsu.

A waje na tambayi Mumper abin da take cewa. Ya ji daɗi, ya zaci laushin ya fara. Ya ce daga Zabura ce. Wasu mutane ne aka ci garinsu da yaƙi, aka kwashe su zuwa wata ƙasa mai koguna. Suka zauna bakin ruwa suna kuka, suka rataye molayensu a itatuwa. Waɗanda suka kwaso su suka ce su yi musu waƙar garinsu su ji daɗi, su kuwa suka ce ba su iya waƙar Ubangijinsu a ƙasar wani.

Hajo ta dube ni. Na dubi Mumper.

"Mumper, su wa sunka kwashe su?"

"Miyagun mutane, Nomau. Masu bautar gumaka."

"An yi masu shinge? Ana biya a ƙohwa?"

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Ya ce ban gane ba, ma'anar ita ce ran mutum yana tsare a hannun zunubi, garin da ake kuka dominsa kuwa Aljanna ce. Na ce to madalla, ashe ba da mu ake ba. Daga nan ya ce matan majami'a sun dafa shayi, ko zan ɗan kaɗa musu wani abu na garinmu.

Gogen ya ci gaba da lalacewa, har Jan Wuya ya ji. Ya sa Malam Garba ya kai ni wani lungu wurin mai gyaran kayan kiɗa. Wani tsoho ne mai farin gemu da 'yar hula a tsakar ka. Ya karɓi gogen ya juya shi, ya shinshina fatar, sai na ji ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan mai goge. Ina mutanen gida?"

Na tambaye shi inda ya samo Hausa. Sunansa Halfalla, Bayahude ne mutumin Tarabulus. Wadda ta goye shi Bahausa ce, baiwa da ubansa ya saya daga ayari, suna kiranta Dada. Hausarsa ta tsofaffin mata ce, in ya yi mamaki sai ya ce "wayyo ni 'yasu". Ya gasa fatar a hankali bisa garwashi, ya sa sabuwar izga, gogen ya dawo da muryarsa. Daga ranar, duk sanda mai gadin shinge ya kau da kai ina shagonsa.

Wata rana ina gwada izga sai yatsuna suka bi waƙar majami'a. Ya ɗaga kai ya ce, "Muryar tasu ce, maganar tamu ce. Mu aka kwashe." Ya nuna mini wani wuri a bangon shagon da aka bari ba shafe, ya ce da gangan ne, don kada gida ya cika kyau alhali garinsu yana kango. Ya ce a ranakun aiki sukan karanta wannan Zabura in sun ci abinci kafin godiya, kuma ko a ɗaurin aure sai ango ya taka kofin gilashi ya fasa saboda ita. Na ce a Arewa ango ya fasa ƙwarya ranar aure, sai dangin amarya su kwashe 'yarsu.

Ranar azuminsu na tunawa da rushewar garin ta faɗo muna can. Da safe Halfalla ya kai ni ya tsai da ni a bakin ɗakin sallarsu. Babu akwatin bushe-bushe, babu benci, an kifar da su. Manyan mutane masu shaguna sun tuɓe takalma sun zauna a ƙasa, ba ci ba sha, suna karatu da muryar kuka. Wannan na gane shi ba tafinta, zaman makoki ne sak irin namu. Sai dai mu mukan tashi bayan sadakar arba'in, su kuwa Halfalla ya ce kakannin kakanninsu ma a zaune suka tarar da shi.

A hanyar komowa ya ce, "Mumper ya faɗa maka wutsiyarta?"

Na ce wace wutsiya.

Ya ce waƙar ba a kuka ta ƙare ba. Bayan kuka akwai rantsuwa, mawaƙin ya ce hannunsa ya shanye in ya manta garinsu. Bayan rantsuwa kuma akwai baki. Ya yi wa masu kwasar mutane baki, ya roƙa a biya su da mudun da suka auna, har kan jariransu. Ya ce masu majami'a suna da ita cikin littafinsu, amma in sun zo rerawa da daɗi sai su tsaya kafin nan.

Na ce, "Baba Halfalla, ku hwa? Kun sa Dada ta yi muku waƙar garinsu?"

Ya amsa idonsa na kan duwatsun hanya.

"Muna sa ta. In an yi baƙi."

"Ta yi?"

"Ta yi, har da rawa. Sai da na girma Hausata ta nuna, na gane ubana take zagi."

Ba a jima ba aka ce wani babba zai zo daga Pari, babban birninsu, wanda gwamnoni ke tuɓe wa hula, tare da wani masani mai na'urar kama murya. Malam Garba, don neman suna, ya gaya wa Jan Wuya cewa duk abin da nake kaɗawa kiɗan biki ne, akwai wani take na asiri da nake ɓoyewa. Jan Wuya ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe zan kaɗa taken gawo, in na ƙi, ko in na kawo wani kiɗan noma, Malam Garba ya san su duka, to ba namijin da zai rage a ƙauyenmu sai an gama hanya.

Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. In na kaɗa na sayar da ruwan garinmu, in na ƙi na sayar da mazansa. Hajo ta same ni bayan ɗakin ƙahoni na kasa cin abinci. Ta ce, "Kai dai kaɗa wani abu, ni hwaɗuwa ta tawa."

Washegari aka jera kujeru. Babban yana tsakiya da matarsa, Jan Wuya a dama yana kumbura, Mumper a layin gaba, masani ya kafa ƙahon na'urarsa a gabana. Can bayan shinge na hango farin gemun Halfalla. Na zauna na gyara goge, na rufe ido, na ja izga a kan waƙar majami'a.

Na fara ta a hankali yadda suke yi. Sa'an nan na murɗa ta irin tamu, masu ƙwarya suka shigo, na ƙara mata wuta. Malam Garba ya kasa kunne, bai san ta ba, ya sunkuya ya gaya wa Jan Wuya lalle wannan ce. Matar babban ta rufe fuska da mayafi, daga baya aka ce mini wai ta ji ƙarnin jinin yanka a cikin kiɗan. Masani yana ta gyaɗa kai. Na saci kallon Mumper. Ya yi ja har kunnuwa, ga leɓensa suna bin kalmomin ba da sonsa ba. Halfalla kuwa ya riƙe shinge da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.

Hajo ta faɗi kamar kullum. Amma da aka buga ƙararrawa ba ta tashi ba. Tana kwance da fuska cikin yashin da suka zuba mana, tana kuka na gaske, tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Aka tafa sosai. Babban ya ce bai taɓa ganin shaiɗanci tsantsa irin wannan ba.

Da yamma Mumper ya same ni. Ya ce, "Nomau, ka yi saɓo."

Na ce, "To hwaɗa ma kumandan, Mumper. Ka ce mai matab babban Pari ta ji ƙarnin jini cikin sallarku."

Bai faɗa ba. Amma dariyata ba ta kai ko'ina ba. Masanin ya ji daɗi ƙwarai har ya ce gogen da ya fitar da wannan take bai kamata ya koma daji ba, Jan Wuya kuwa ya miƙa masa shi kyauta kamar na ubansa. Kafin mu taso aka kai mu gidan ajiyar kayan kallo. Na gan shi a rataye da ƙusa bayan gilashi, tsakanin wani mashi da ludayi, inda hannun ubana ya cinye itacen yana ta sheƙi. Na yi kuka a gaban Nasara ban ji kunya ba. Halfalla ya cusa mini ƙullin izga da ƙaro a aljihu, ya ce in gai da mutanen Dada in na san su.

Komowa ba ta da labari, kwando ɗaya ne, kamyo ɗaya ne. Sai dai daga Kore Mairuwa na ga sabuwar hanya ta miƙe ɗoɗar ta nufi ƙauyenmu. Na bi ta da ƙafa ina neman kan gawo a sama, ban gan shi ba. Ashe tun kafin mu hau jirgi Jan Wuya ya bar umarni. An kwashe mazan duk da haka, namu da na Dogon Dutsi, wasu ba su komo ba, cikinsu har da ƙanen Malam Garba. Gawon kuwa ya tsaya a kan layin da suka ja, suka sa mutanenmu suka sare shi da hannunsu.

Inna Tabawa tana zaune a kan kututturen, a gefen hanya.

"Ka kira ta can?"

"Ban kira ta ba, Inna."

"Na sani. Kai ba ka kai ta wurinsu ba, su sunka zo har gida. Ina goge?"

Na zauna a ƙasa na ba ta labari duka, da majami'a, da masu zaman makoki, da Dada. Ba ta yi dariya ba ko a wurin Mumper. Da na ƙare ta ce, "Waƙag ga ta mutanen da anka kwashe, ka ce tana da wutsiya. Maimaita mani ita." Na maimaita. Ta ce, "Nemi ƙwarya da hwatad damo. In bazara ta yi ka kaɗa ma Doguwa nata nan bisa kututture. In ka ƙare ka kaɗa muna wancan, ka hwaro daga wutsiya."

Haka muke yi kowace shekara. Na sa mata kalmomi da harshenmu, mata suna amshi, waɗanda mazansu ba su komo ba su suka fi ɗaga murya. Bara muna cikin yi sai ga motar sabon kumandan a kan hanyar. Ya tsaya ya sauko ya saurara, har yana kaɗa ƙafa. Da muka ƙare ya tafa, ya juya ya tambayi tafintansa me muke cewa.

Malam Garba ya dubi kututturen, ya dubi matan, ya dube ni. Sa'an nan ya tuɓe sabuwar hular kwanonsa ya rusuna.

"Yabonka na, ranka shi daɗe."